Lantarki Daga Iskar Teku: Yadda Aka Karya Tsadarsa

Cikin hanyoyin samar da wutar lantarki da ƙasashe suka karkata gare su a 'yan shekarun nan akwai girka injinan iska a cikin teku. Injin dai dogon ginshiƙi ne na ƙarfe da ake kafawa a ƙasan ruwa, a samansa da farfela mai fikafikai uku. Aikinsa kishiyar na fanka ne: fanka wuta take sha ta ba da iska, shi kuwa iska ke juya shi ya ba da wuta, a jawo ta zuwa tudu ta manyan wayoyi da aka binne a ƙarƙashin teku. Ana shiga teku ne saboda iskar can ta fi ta tudu ƙarfi da ɗorewa, kuma babu gona ko gidan da za a tasa.

Ƙasar Denmak ce ta fara a 1991, a Vindeby, da injina 11 da ƙarfinsu duka kimanin megawat 5 ne. Megawat shi ne ma'aunin ƙarfin wutar da tasha ke bayarwa. Zuwa 2022, tashar Hornsea 2 da ke tekun Ingila ta kammala da injina 165 masu ba da fiye da megawat 1,300.

Da farko tsada ce babban cikas. A gwanjon da gwamnatin Birtaniya ta yi a 2015, kamfanoni sun nemi tsakanin fam 114 da 120 kan wutar megawat ɗaya ta awa guda. A 2019 farashin ya faɗo zuwa kusan fam 40. Abu uku ne suka kawo haka. Injinan sun ƙara girma, har ɗaya kan yi aikin da goma suke yi a da, don haka ginshiƙai da wayoyi da zirga-zirgar jiragen gyara suka ragu. Kamfanoni sun yi gasa a fili, mai araha ya samu kwangila. Sannan gwamnati ta lamunce musu farashi tsayayye na shekara 15, bankuna suka natsu suka rage kuɗin ruwa.

Wannan na ƙarshe ya kamata mu fahimta sosai. Iska kyauta ce, ba a sayen gas ko dizal, saboda haka mafi yawan kuɗin a wajen gini ake kashe shi, kuma galibi bashi ne. Shi ya sa da kuɗin ruwa da farashin ƙarfe suka tashi, babu kamfanin iskar teku ko ɗaya da ya shiga gwanjon 2023, sai da gwamnati ta ɗaga farashin kafin suka dawo a 2024.

Ko da yawancinmu muna nesa da teku, darasin ya shafe mu, domin muna da tashar iska ta megawat 10 a Lambar Rimi ta Jihar Katsina, ga kuma ayyukan wutar sola da ke yaɗuwa. Idan aka sanar da sabon aikin wuta, mu tambayi wakilanmu: an yi gasa wajen ba da kwangilar? Nawa za a sayi wutar, har tsawon shekara nawa? Wa zai riƙa gyara? Matasanmu kuma su nemi ilimin walda da haɗa wuta da kula da injina, don kada kowane gyara ya tsaya jiran ƙwararru daga waje.