Duba Gona Kafin A Yanka Fuloti

A hutun damina da ya wuce wani ɗan kasuwa ya zo wurin mahaifina yana taya gonarmu ta gado da ke wajen Kumbotso, a bakin birnin Kano. Nufinsa ya yanka ta fuloti-fuloti ya sayar. Wannan ba sabon abu ba ne, domin dattawa sukan ce Hotoro da Na'ibawa da Rijiyar Zaki duk gonakin dawa da gyaɗa ne a da. Mahaifina bai amsa ba, sai ya aika wa kawuna, wanda ya daɗe yana aikin safiyo. Ni na riƙe masa igiyar awo, kuma abin da na koya a ranar shi nake so in gaya wa 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu.

Da farko dai, kawu ya ƙi zuwa sai da aka yi ruwa mai ƙarfi a watan Agusta. Ya ce, "Yaro, da rani kowace gona kyakkyawa ce. Damina ce mai tona asirin ƙasa." Muka zagaya muna lura da inda ruwa ya bi da inda ya kwanta. Gonar kashi biyu ce: tudu ta arewa, da fadama ta kudu inda muke shuka shinkafa. Ya ce ruwa ba ya mance hanyarsa. In an tare shi da gini, ɗakin mutum zai shiga. Ya tuna mana ambaliyar watan Agusta na 1988, lokacin da madatsar ruwa ta Bagauda ta ɓalle, gidaje masu yawa kuma suka rushe a Kano saboda yawan ruwa.

Na biyu, sai muka duba irin ƙasar. Muka haƙa rami kamar kamu biyu a kowane ɓangare, muka cika shi da ruwa. Na tudu ya tsotse kafin mu gama cin gyaɗar da muka zo da ita, kuma a ƙarƙashin rairayin mun tarar da marmara, wadda ke riƙe harsashin gini sosai. Na fadama kuwa har la'asar yana nan cike. Ƙasar wurin baƙar laka ce, mai kumbura da damina, mai tsattsagewa da rani. Wannan motsi nata shi ke tsaga bango. A irin wannan wuri kuma ruwa yana kusa da sama, saboda haka ƙazantar masai kan tsiyaya cikin rijiya. Ma'aikatan lafiya sukan ba da shawarar a bar tazarar kamar mita 30 tsakanin su biyun.

Na uku, lissafi. Hekta ɗaya murabba'in mita 10,000 ce, wato kusan eka biyu da rabi. Fulotin da aka saba, mai ƙafa 50 da 100, kimanin murabba'in mita 450 ne. Ashe a kan takarda hekta za ta ba da fuloti 22. Amma kawu ya ce wannan lissafin mai haɗama ne. A nasa awon sai an cire kusan sulusi domin tituna da lambatu da filin makaranta da masallaci, ya rage 14 ko 15. Wanda ya ƙi cirewa shi ke haifar da unguwar da motar kashe gobara ba ta iya shiga. Ya kuma tambayi nisan wurin daga kwalta da turakun lantarki da bututun famfo, domin gida ba bango da rufi kaɗai ba ne.

Na huɗu, takardu. Tun da aka kafa Dokar Amfani da Ƙasa a 1978, zamanin mulkin Janar Olusegun Obasanjo, ƙasar kowace jiha amana ce a hannun Gwamna, mutum kuwa ikon amfani yake da shi. Idan gwamnati ta karɓi fili don amfanin jama'a, diyyar da doka ta tanada ta gini ce da amfanin gona, ba ta tsurar ƙasa ba. Don haka wajibi ne a je ofishin ƙasa da safiyo a ga ko wurin ya faɗa cikin hanyar da aka tsara. A gida kuma sai dukan magada sun yarda, mata da maza, a gaban dagaci da shaidu. Rigakafi ya fi magani.

Akwai kuma abin da igiya ba ta aunawa. Kakanninmu sun shekara da shekaru suna kai takin birni a kan jakuna har gonar ta yi ƙarfi, ba a taɓa barinta ta huta ba. Akwai ɗorawa da kuka da tsamiya waɗanda suka girmi mahaifina. Kuɗin fuloti sau ɗaya ake karɓa, gona kuwa kowace kaka tana biya.

Da magariba kawu ya ce wa mahaifina, "Yaya, in dole sai an sayar, a sayar da tudu, a bar fadama." Ɗan kasuwa ya ce shi duka yake so, har ya ƙara kuɗi. Mahaifina ya yi shiru, domin kuɗin makarantarmu yana jiransa, amma daga baya ya ce ba zai sayar wa mutane wurin da zai rushe a kansu ba. Har yanzu ana ciniki a kan tudun, shinkafarmu kuwa ta fara nuna.

Birni ba zai daina girma ba, mu ma gobe za mu nemi muhalli. Roƙona shi ne duk mai saye ko sayarwa ya taka wurin da ƙafarsa a tsakiyar damina. Allah Ya sa mu dace, amin.