Abin da ya sa guba kaɗai ba ta korar ɓera daga unguwa

A Damagaram, duk wanda ɓera ya dama, wurin mai talla yake fara nufa ya sayo shinkafar ɓera. Ya zuba da dare, ya kwashe mushe da safe, bayan wata biyu kuma ya sake jin kacaniya a rufin ɗaki. Dalilin yana cikin haihuwar ɓeran. Kusun gida da ya fi yawa a garuruwan Sahel, wanda masana ke kira Mastomys, cikinsa kwana 23 ne ko kusa da haka, kuma haihuwa ɗaya takan kai ƴaƴa goma har fiye. In ka kashe na gidanka, na maƙwabci za su cike gurbin, domin abincin da ya tara na farko yana nan.

Shi ya sa ma'aikacin tsabta na hukumar birni, wanda a Najeriya ake ce wa duba-gari, yake fara aikinsa da kallo. Yana neman rami a gindin katanga, kashin ɓera a bayan buhuna, kwata da ta toshe, jujin da ya kwana biyu. Dokar tsabtar jama'a ta Nijar ta 1993 ta ba irin waɗannan ma'aikata ikon duba gidaje da wuraren sayar da abinci. A Birni da Zango, inda gidajen ƙasa suke jingine da juna, ɓera na ratsa gida biyar bai fito fili ba, don haka sai an haɗa da mai unguwa a yi aikin rana guda. A Kasuwar Dole kuwa matsalar buhunan hatsi ce a dandaryar ƙasa. In aka ɗora su kan katako, aka janye su daga bango, an rage wa ɓera mafaka. Hausawa sun ce in ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Sai bayan wannan ake zancen guba, ita ma iri biyu ce. Mai saurin kisa tana burge mai gida, amma ɓeran da ya ɗanɗana bai mutu ba, ba zai sake kusantarta ba. Mai tsinka jini takan ɗauki kwana uku zuwa bakwai, ɓera ba ya gane abin da ya cuce shi, sai ya yi ta ci. Ana sa ta cikin akwati mai ƙaramar kafa, inda yaro da kaza ba sa kaiwa. Kuma ƙwararre yakan fara kashe ƙuma, domin in ɓera ya mutu, ƙumar jikinsa mutum take nema.

A zancen guba, abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne ƙwayar nan ta adana wake da hatsi, mai fitar da iskar guba, da wasu ke ajiyewa a ɗakin kwana saboda kuɗin cizo ko kyankyaso. Iskarta ta kashe iyalai a barci a ƙasashe da dama. Wurinta ma'ajiya ce a rufe, nesa da mutane.

Batun ɓera ya wuce asarar gero. Kusun nan Mastomys ne ke ɗauke da zazzaɓin Lassa, wanda aka gano a 1969 a garin Lassa na Borno, kuma fitsarinsa da kashinsa a kan abinci ne babbar hanyar kamuwa. Motocin kaya kullum suna hanya tsakanin Kano, Magarya da Damagaram, ɓera kuwa na iya tafiya a cikin buhu. Don haka tasha da ɗakunan ajiyar ƴan kasuwa suna buƙatar dubawa kamar yadda tsakar gida take buƙata.