In Cuta Ta Shiga Jini

Yau zancenmu a kan awon jini ne. Sau da yawa a nan Balan, in an ce za a ɗibi jinin majinyaci, sai dangi su ce a'a, wanda ba ya iya tashi ina ya ga jinin bayarwa? To, ku saurara.

Manomi ya sare ƙafa da fartanya, ya ɗaure da tsumma. Ko mace ta haihu, bayan kwana uku zazzaɓi ya rufe ta. Ko cibiyar jariri ta ruɓe. Wani lokaci ƙwayoyin cutar ba su tsayawa wuri ɗaya. Sai jiki duka ya tashi yaƙi da su, har yaƙin ya ɓata ƙoda da huhu da zuciya. Likitoci suna kiran wannan sefsis. An ƙiyasta a shekarar 2017 ya kashe mutum miliyan 11 a duniya, watau ɗaya cikin biyar na dukan waɗanda suka rasu a shekarar.

To, yaya likita zai gane tun da wuri? In ciwon ya yi tsanani, jini ba ya kai iska ga sassan jiki yadda ya kamata, sai wani tsami ya taru cikin jinin. Sunansa laktet, irin tsamin nan ne da ke cikin nono. A jinin lafiyayye ba ya kai awo 2. In ya haura 2, akwai abin dubawa. In ya kai 4, rai na cikin haɗari, ko da mutum yana magana da ku. Jini kaɗan ake ɗiba, amsa kuwa ba ta daɗewa. Awon da ke nuna ainihin ƙwayar cutar yakan ɗauki kwana biyu ko uku, majinyaci kuwa ba zai iya jira ba. Saboda haka ake fara allura da ƙarin ruwa nan da nan, sa'an nan a sake awo. In tsamin ya ragu, alamar sauƙi ke nan.

Har wa yau akan auna sukarin jini, domin yakan faɗi ƙwarai ga yara. Akan kuma duba zazzaɓin cizon sauro, don shi ma yana ta da wannan tsami.

Ku kuwa a gida, ga abin lura: numfashi da sauri, ruɗewa, ƙarancin fitsari, sanyin hannu da ƙafa. In kun ga haka kada ku kwana. Ku kawo shi wurin malamin asibiti. In ya ce a wuce babban asibitin Gaya, ko a zarce Kano, ku nemi mota a take, kada a tsaya jiran ranar kasuwa. In an nemi jini, ku yarda.

Allah ya ba mu lafiya, amin.