DISMAJAR: KAYAN ADON MANYAN HANGARI

Wani mai sauraronmu, ɗan kasuwar yadi, ya aiko da takarda yana cewa ya ga hoton waɗansu Turawa cikin riguna masu aiki, da hula mai gashin tsuntsu da takobi, an rubuta díszmagyar a ƙasa. Yana tambaya, shin sunan sarauta ne ko sunan yadi?

To Malam, ba ko ɗaya. Kalmar ta harshen mutanen Hangari ce, ana furta ta kamar "dismajar", kuma kalmomi biyu ne aka haɗa. Dísz shi ne ado ko ƙawa. Magyar kuwa shi ne sunan da mutanen ƙasar ke kiran kansu. Watau dai "kayan ado na Bahangare", irin wanda manyan ƙasa ke sawa ran naɗin sarki ko babban biki.

Ka dubi hoton da kyau. Rigar ciki mai ɗamewa, wadda aka jera wa igiyoyin zinariya a ƙirji, ita ce dolmány. Wadda ake ratayawa a kafaɗa, mai bakin gashin dabba, sunanta mente. Sannan ga dogayen takalma, csizma.

Abin da zai ba ka mamaki, sunayen dolmány da csizma daga bakin Turkawa suka fito. Dalili kuwa, Daular Usmaniyya, ta Istambul fa, ba ta Shehu Ɗanfodiyo ba, ta riƙe birnin Buda daga 1541 zuwa 1686. Zama wuri guda, ko da na gāba ne, ba ya rasa aron tufafi. Kai mai sayar da yadi ka san kaftani. Shi ma sunan ya zagayo ta ƙasashen Turkawa da Larabawa kafin ya iso mana.

Amma darajar kayan nan ta ƙaru ne a ƙarni na 19. Mutanen Hangari sun yi wa sarakunan Ostiriya bore a 1848, aka murƙushe su a 1849 da taimakon sojan Rasha. Bayan nan sa tufafin gida ya zama wata hanya ta ce wa mai mulki "ba mu zama naka ba", ba tare da an buɗe baki ba. Ni a ganina nan ne ma'anar kalmar take, domin rabinta sunan al'umma ne. Da aka sasanta a 1867, da waɗannan kaya manya suka halarci naɗin Sarki Franz Joseph, haka nan bikin cikar ƙasar shekara 1000 a 1896.

Kada ka ɗauka kowa ke sawa. Kaya ne masu tsada, na ƙarammiski da siliki da maɓallan azurfa, manomi ba ya kusantarsu. An soke muƙaman sarauta a 1947, 'yan gurguzu suka karɓi mulki, kayan suka koma akwati. Yanzu galibi sai a gidajen tarihi na Budafes ake ganinsu.