'Yancin Ƙananan Hukumomi: Wa Zai Tambayi Mutanen Ƙauye?

Tun ranar 11 ga Yulin 2024, lokacin da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ƙarar da Antoni-Janar na Tarayya, Lateef Fagbemi, ya shigar da gwamnonin jihohi 36, muhawara kan 'yancin ƙananan hukumomi ba ta lafa ba. Kotun, ta bakin Mai Shari'a Emmanuel Agim, ta ce a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye daga asusun tarayya, kuma babu gwamnan da ke da hurumin rushe zaɓaɓɓun shugabanni ya naɗa kantomomin riƙo. Jama'a sun yi murna, daga baya kuma aka shiga ƙorafin jan ƙafar da ake yi wajen aiwatar da hukuncin. Sai dai na lura kusan duk maganar ta tsaya a kan hannun da kuɗin za su bi. Abin da ya fi damuna shi ne mataki na gaba: idan kuɗin sun sauka a sakatariya, wa zai yanke abin da za a yi da su, kuma wa za a tambaya kafin a yanke?

Mazaunin birni yana iya raina wannan tambaya, domin shi gwamnatin jiha da ta tarayya suna kusa da shi. Ga mutumin karkara kuwa, ƙaramar hukuma ce gwamnatin da yake iya kai wa kuka da ƙafarsa. Jadawali na Huɗu na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ɗora mata kula da kasuwanni, tashoshin mota, kwata, maƙabartu, ƙananan hanyoyi da magudanan ruwa, da rajistar haihuwa da mutuwa da aure, ya kuma ba ta hannu a ilimin firamare da kiwon lafiya da bunƙasa noma. Ƙananan hukumomi na da kashi 20.60 cikin ɗari na abin da ake rabawa daga asusun tarayya, ga kuma kashi 35 cikin ɗari na harajin VAT. Akwai wani iko ma da ba a cika ambata ba: Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ba ƙaramar hukuma damar bayar da shaidar mallaka ta gargajiya a filayen karkara, har hekta 500 don noma da hekta 5,000 don kiwo, ba tare da neman amincewar gwamna ba. Hukumar da ke riƙe da kasuwa da ƙasa da asibitin sha-ka-tafi, ai rayuwar ƙauye gaba ɗaya take riƙe da ita.

To, yaya ake yanke shawara a wannan hukuma? Duk wanda ya san karkarar Arewa ya san amsar. Ana tsara kasafin kuɗi a ofis, a kai shi ma'aikatar ƙananan hukumomi ta jiha a sa masa hannu, kansiloli su amince da shi a zama ɗaya. Da yawa daga cikin ciyamomi a babban birnin jiha iyalansu suke, sakatariya kuma ba ta cika sai an ji labarin albashi. Daga nan sai a ga an zagaye sakatariya da sabuwar katanga, an gina ƙofar gari, an sayi motoci, alhali kwalbatin da ke kan hanyar kasuwa kowace damina ruwa ke cinye shi, manomi ya biya kuɗin dako ninki biyu kafin buhun masararsa ya kai bakin titi. Rijiyar burtsatse takan shekara a mace saboda wani ƙarfe da bai taka kara ya karya ba, sai a haƙa sabuwa a gefenta, domin sabon aiki yana da kwangila da bikin buɗewa, gyara kuwa ba shi da ko ɗaya.

Mafi haɗari shi ne sha'anin ƙasa. Idan aka yanka burtali ko makiyaya aka raba wa masu hannu da shuni gonaki, ba a tambayi makiyayi ba, ba a tambayi manomin da ke maƙwabtaka da wurin ba, to ranar da shanu suka rasa hanyar zuwa mashaya, cikin gonar talaka za su bi. Rikicin da zai biyo baya za a kira shi faɗan ƙabilanci, alhali a kan teburin wani ofis aka haife shi. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Wannan nisa tsakanin hukuma da jama'a yana da tarihi. A zamanin En'e, haraji da jangali ne ke cika baitulmali, ana tattara su ta hannun mai unguwa da dagaci da hakimi. An tafka zalunci a wannan tsari, shi ya sa NEPU ta yaƙe shi, kuma gwamnatocin PRP na Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka soke haraji da jangali bayan hawansu mulki a 1979. Ba na cikin masu kewar wancan zamani. Amma gyaran ƙananan hukumomi na 1976 da kuɗin man fetur sun sauya alƙiblar hukuma baki ɗaya: abincinta ya koma zuwa daga sama. Sashe na 162 na kundin 1999 kuma ya tanadi asusun haɗin gwiwa, wanda ya sa kuɗin suka riƙa yada zango a hannun gwamna. Ƙari a kan haka, hukumar zaɓe ta jiha ce ke shirya zaɓen ciyaman da kansila, kuma a kusan kowace jiha jam'iyyar gwamna ke lashe kujerun duka. Mutumin da kujerarsa da kuɗinsa duk daga sama suka zo masa, me zai sa ya sunkuyo ya saurari na ƙasa? Na sha tambayar ɗalibai a aji su faɗi sunan kansilan mazaɓarsu, hannuwan da ke tashi ba su cika wuce a ƙirga da yatsu ba. Idan haka abin yake ga ɗan jami'a, ina ga tsohuwar da ke sayar da daddawa a kasuwar ƙauye?

Ke nan, in har aka cire hannun gwamna aka bar ciyaman yana yanke shawara shi kaɗai da 'yan majalisar zaurensa, an gudu ne ba a tsira ba. Za mu samu ƙananan gwamnoni 774 a madadin manya 36.

Akwai inda aka gwada wata hanya, kuma a Afirka ne. Kundin tsarin mulkin Kenya na 2010 ya raba ƙasar zuwa gundumomi 47, ya kuma wajabta tuntuɓar jama'a a harkokin mulki. Gundumar Makueni, yanki ne na manoma mai ƙarancin ruwan sama a kudu maso gabashin ƙasar. A ƙarƙashin gwamnanta Farfesa Kivutha Kibwana, wanda ya yi mulki daga 2013 zuwa 2022, an riƙa fara tattauna kasafin kuɗi daga taron ƙauye, a hau zuwa mazaɓa, sannan a kai matakin gunduma, kuma mutanen gari ke zaɓar kwamitin da zai sa ido a kan aikin da aka kawo musu. A wannan zamani ne aka buɗe masana'antar sarrafa mangwaro a Kalamba a 2017, saboda manoma sun daɗe suna kukan asarar amfanin gonarsu, aka kuma kafa tsarin lafiya da gida guda ke biyan shilin 500 a shekara. Gundumar Kenya ta fi ƙaramar hukumarmu girma da iko, amma darasin bai dogara da girma ba: an tambayi mutane kafin a rubuta adadi, ba bayan an raba kwangila ba. A nan gida ma jihar Kaduna ta gwada wani tsari na tattara buƙatun al'umma daga mazaɓu domin shigar da su kasafi, wanda ke nuna abin ba baƙo ba ne a wurinmu.

Wani zai ce taron jama'a a ƙauye masu faɗa-a-ji ne za su mamaye shi, talaka ya zauna a baya yana gyaɗa kai. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, kuma ita ce dalilin da ya sa dole a tsara taron da kyau. Matan da ba sa fita zauren mai gari a yi musu nasu zaman, domin su ne suka san nisan rijiya da halin da ɗakin haihuwa yake ciki. Makiyaya a je musu har ruga ta hannun arɗo. Abin da aka amince a kai a rubuta shi, a karanta a bainar jama'a, kowa ya ji da kunnensa.

Saboda haka ina kira ga majalisun dokokin jihohi, waɗanda sashe na 7 na kundin tsarin mulki ya ba ikon tsara ƙananan hukumomi, da su sa a doka cewa ba za a amince da kasafin kowace ƙaramar hukuma ba sai an yi taro a kowace mazaɓa. A wajabta liƙa abin da ya shigo da abin da aka kashe kowane wata a ƙofar sakatariya da bakin kasuwa, da Hausa, a boko da ajami, a kuma karanta a gidan rediyo. Kada a yanka burtali ko a tashi kasuwa sai an saurari waɗanda abin zai shafa. Mu kuma 'yan boko da ɗalibai da muka fito daga waɗannan ƙauyuka, namu aikin ba ya jiran doka. Ana wallafa kason kowace ƙaramar hukuma bayan rabon wata-wata, kuma yana samuwa a intanet. Mu nemo shi, mu kai shi ƙungiyoyin ci gaban garuruwanmu, mu zauna da kansila mu tambaye shi cikin mutunci ina aka kwana.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma mutumin ƙauye ya san nasa sarai, tambayarsa ce kawai ba a yi. Allah ya ba shugabanninmu kunnen sauraro, ya ba mu ƙarfin halin yin tambaya.