Tsofaffin bindigogi a Dutse: kayan tarihi ko makamai?

Duk wanda ya taɓa kallon hawan Sallah a Dutse, babban birnin jihar Jigawa, ya san ƙarar bindigogin toka da ke tashi yayin da sarki ya fito.

Sai dai ba kasafai ake tambayar daga ina irin waɗannan bindigogi suka samo asali ba, ko kuma me ya rage na ainihin waɗanda aka yi yaƙi da su.

A Amurka, adana tsofaffin bindigogi harka ce babba. Masu sha'awa kan biya kuɗi masu yawa domin mallakar libarba, wato ƙaramar bindiga mai juya harsashi, musamman ƙirar Colt ta 1873 wadda ta yi suna a zamanin da Turawa ke kutsawa yammacin ƙasar.

Dokar tarayyar Amurka ma tana ɗaukar bindigar da aka ƙera a 1898 ko kafin nan a matsayin kayan tarihi.

Zamanin yaƙe-yaƙe

Ƙasar Dutse ita ma tana da nata zamanin na zaman ɗar-ɗar. A ƙarni na 19 tana ƙarƙashin masarautar Kano, kuma yankin ya sha fama da hare-haren Ningawa daga kudu, da na Sarkin Haɗeja Buhari daga arewa maso gabas.

A lokacin Basasar Kano, wadda ta ɓarke a 1893, Yusufawa sun kafa sansaninsu ne a Takai, wadda ba ta da nisa da Dutse.

A wancan lokaci doki da takobi da mashi da kwari da baka su ne ƙashin bayan yaƙi. Bindigogin da ake da su galibi na ɗuri ne, waɗanda ake cusa wa albarushi ta baki, kuma akasari bayin sarki ne ke riƙe su.

Yarjejeniyar Brussels ta 1890 ta taƙaita sayar wa 'yan Afirka bindigogin zamani. Saboda haka lokacin da sojojin Ingila suka ci Kano a 1903, sannan Haɗeja a watan Afrilun 1906, inda aka kashe Sarki Muhammadu, bambancin makamai ya fito fili.

A hannun hafsoshin Turawa aka fi ganin libarba, domin ƙirar Webley ce sojan Ingila ya amince da ita tun 1887.

Gyara ko ɓarna?

A nan ne hanyoyi biyu suka rabu. Mai adana kayan tarihi burinsa shi ne ya dakatar da lalacewa: ya share tsatsa a hankali, ya shafa mai kaɗan, ya kare ƙotar daga gara da danshin damina, ya bar tambarin maƙeri da lambobi yadda suke.

A kasuwannin Amurka da Turai, bindigar da aka goge ta yi ƙyalli takan rasa daraja, domin an goge shaidar shekarunta.

Shi kuwa ɗan bindigar fada ko maharbi, buƙatarsa ita ce bindiga ta tashi. Idan kunama ta karye, maƙeri zai ƙera wata. Idan ƙota ta tsage, a sassaƙa sabuwa.

Wannan ƙwarewa ce ta raya al'adar har yau. Amma kuma da haka ne bindigar kaka kan zama sabuwa gaba ɗaya, sai sunanta kawai ya rage.

Akwai kuma haɗari: bututun da tsatsa ta ci daga ciki yana iya fashewa a hannun mai harbi.

Abin da doka ta ce

Dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ta sanya libarba cikin haramtattun makamai, waɗanda sai da lasisin shugaban ƙasa ake mallaka. Bindigar toka kuwa tana ƙarƙashin izinin 'yan sanda.

A ɗaya ɓangaren, dokar 1979 da ta kafa Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa ta hana sayar da kayan tarihi barkatai, ko fitar da su waje ba tare da izini ba.

Ke nan iyalin da suka gaji tsohuwar bindiga suna tsaka mai wuya. Fito da ita na iya jawo tuhuma, musamman a wannan lokaci na matsalar tsaro a arewacin Najeriya, ɓoye ta kuma na nufin barin ta ga tsatsa.

Mafita ɗaya ita ce miƙa irin waɗannan kaya ga gidajen tarihi, kamar Gidan Makama na Kano, tare da rubuta sunan wanda ya riƙe su da yaƙin da suka halarta, tun dattawan da suka san labarin suna raye.