Daga Zafin Gaya Zuwa Ƙuryar Kudu: Shirin Sabon Shiga Kafin Ya Taka Ƙanƙara

A watan Afrilu, lokacin da ma'aunin zafi a Gaya, ta ƙasar Dandi a Nijar, yake haura digiri 40, can a ƙuryar kudu ta duniya rana ta riga ta faɗi, ba kuma za ta sake fitowa ba sai Satumba. Wata shida dare, wata shida rana. Masu zuwa can da ƙafa suna zaɓar tsakanin Nuwamba da Janairu, daidai da hunturunmu, domin shi ne lokaci mafi sauƙi a nahiyar Antatika. Sauƙin kuwa shi ne sanyin digiri 25 zuwa 30 ƙasa da sifili, a kan tudun ƙanƙara mai tsawon mita 2,835 daga saman teku.

Roald Amundsen, mutumin Norwe, shi ya fara isa wurin ranar 14 ga Disamba 1911, da karnuka masu jan kaya. Robert Scott na Ingila ya iso bayansa ranar 17 ga Janairu 1912, kuma shi da abokan tafiyarsa huɗu duk sun mutu a hanyar dawowa. Yau lamarin ya sauya. Akwai kamfanoni masu ɗaukar wanda bai taɓa yi ba, su haɗa shi da jagora. Ana tashi daga Punta Arenas a ƙasar Chile zuwa sansanin Union Glacier, daga nan ƙaramin jirgi ya sauke ayarin a digiri na 89, su ƙarasa kilomita 111 da suka rage a kan allunan zamiya, kowa yana jan akwatin kayansa da igiya a ƙugu. Tafiyar kamar mako ɗaya ce ko ɗan fiye. Mai son doguwar hanya, daga Hercules Inlet a bakin nahiyar, kilomita 1,130 ne, kusan wata biyu.

Kuɗin gajeriyar ma ya haura dala 60,000, wato sama da miliyan 30 na sefa, don haka wasu masu zuwa masu ɗaukar nauyi suke nema. Amma kada ɗan Dandi ya ce wannan zancen Turawa ne. Sibusiso Vilane, wanda ya tashi cikin talauci a Suwazilan, ya yi aikin gadin gandun daji, ya isa ƙuryar kudu da ƙafa ranar 17 ga Janairu 2008 tare da Alex Harris. Ko an bar wannan, yaranmu nawa ne suke tafiya karatu Rasha da Kanada da Sin ba tare da kowa ya faɗa musu yadda sanyi yake cin yatsa ba? Ilimin ɗaya ne.

Tsarin tafiyar ba baƙo ba ne ga wannan yanki. A ƙarni na 19 ayarin fatake daga Kano da Sakkwato sukan bi ta Jega, su ƙetare kogin Kwara a wannan shiyya, su ratsa Borgu da Jugu har Salaga a ƙasar Gwanja neman goro. Wata da watanni suke yi. Madugu ne yake yanke ranar tashi da wurin zango, jagaba yana gaba, kuma yaron da ya shigo karo na farko aikinsa ya kula da jakinsa, ya bi umarni, ya faɗi gaskiya idan wani abu ya same shi. Haka jagoran ƙanƙara yake so. Shi yake riƙe da kamfas da wayar tauraron ɗan'adam, shi yake cewa a tsaya ko a juya. Abin da ba zai iya yi maka ba shi ne ya ji abin da kake ji a cikin takalminka.

Shiri daga asibiti yake farawa, tun kafin a sayi ko safa. Abu na farko ga mutumin yankinmu shi ne gwajin sikila. Iskar saman tudun tana da ƙarancin abin da jini yake buƙata, sanyi kuma yana matse jijiyoyi, ga ƙishirwa. Waɗannan uku su ne masu tayar da ciwon. Mai cutar ba wurin zuwansa ba ne, kuma wanda yake ɗauke da rabinta ba tare da ya sani ba yana iya gamuwa da ciwon saifa a wuri mai tudu. Na biyu zazzaɓin cizon sauro. Gaya ta fi kusan ko'ina a Nijar ruwan sama, ga kogi ga fadama, kuma ƙwayar tana iya kwanciya a jiki ta tashi bayan mutum ya yi nisa da likitan da ya san ta. Sai haƙori: ramin da ka saba da shi a gida, iska mai sanyi za ta mai da shi azaba.

Motsa jikin da ake buƙata ba na gudu ba ne, na jurewa ne. Masu wannan harka a ko'ina tsohuwar tayar mota suke ɗaurawa a ƙugu su ja, tun daga rabin awa har su kai awa uku ko huɗu, wata shida ko fiye kafin tafiya. Yashin bakin kogi da rani ya dace da wannan ƙwarai, domin ƙanƙarar tudun busasshiya ce, tana riƙe akwati kamar yadda yashi yake riƙe taya. Sai dai a yi da asuba, kada a je neman kariya daga sanyi zafi ya kayar da mutum. Abin da Gaya ba za ta koyar ba shi ne zamiya da kafa tanti da safar hannu. Wannan sai an je kwas na mako ɗaya ko biyu, kuma da yawa Finse suke zuwa, a tsaunukan Norwe, inda mai tafiyar Antatika Ernest Shackleton ya gwada kayansa a 1914.

A nan ne ɗabi'un ƙasar zafi suke juyewa mutum. Mu gumi abokinmu ne, shi yake sanyaya jiki, kuma rigar auduga da ta jiƙe ni'ima ce. Can gumi abokin gaba ne. Ruwa yana kwashe ɗumin jiki kusan sau 25 fiye da iska, auduga kuma tana shan ruwa ta riƙe. Wanda ya yi gumi yana ja, da ya tsaya hutawa rigar za ta daskare a jikinsa. Saboda haka ba a sa auduga ko ɗaya, har ɗan ciki. Ulu ake sawa ko yadin roba, hawa-hawa, da wata riga a sama mai tare iska, kuma ƙa'idar ita ce ka fara tafiya kana ɗan jin sanyi. Ana ja kamar awa ɗaya, a tsaya minti goma, a ɗora babbar riga, a ci a sha, a cire ta a ci gaba.

Haɗarin da ya fi damuna shi ne dauriya. An tarbiyyantar da mu kada namiji ya yi raki, kada ƙarami ya tsayar da manya saboda ƙafarsa. A gona da kasuwa wannan hali ne mai kyau. A kan ƙanƙara shi yake sa a yanke yatsa. Idan sanyi ya tsananta, jiki yana janye jini daga yatsu da hanci da kunne don ya kare zuciya. Wurin zai yi zafi, sannan ya daina jin komai, kuma wannan shirun shi ne alamar naman ya fara daskarewa. Binciken da aka yi a rundunonin sojan Amurka da Birtaniya ya nuna sojoji 'yan asalin Afirka sun fi sauran saurin samun raunin sanyi. Ga shi kuma a baƙar fata alamar ba ta fitowa fara sol yadda jagora Bature ya saba gani, sai dai wurin ya yi toka-toka. Don haka wanda yatsansa ya mutu ya faɗa nan take, ko ayarin duka zai tsaya. Ba a murza wurin, ba a kara shi a wuta. Ɗumin hammata ko cikin abokin tafiya ake sa shi, idan ya yi tsanani kuma ruwa mai ɗumin digiri 37 zuwa 39, bayan an tabbata ba zai sake daskarewa ba. Ido ma haka: sabuwar ƙanƙara tana mayar da kusan kashi 80 cikin ɗari na hasken rana mai ƙuna, kuma 'yan sa'o'i ba tabarau sun isa su makantar da mutum na kwana ɗaya ko biyu.

Antatika hamada ce, iskarta busasshiya, kuma duk ruwan da za a sha sai an narkar da shi a kan risho, aikin sa'o'i kowace yamma. Dole a bar kafar iska a tanti, domin hayaƙin risho marar wari yana kashe mutum a ɗaki rufe. Abinci kuwa jiki yana neman kalori 5,000 ko fiye a yini, ninki biyu na abin da aka saba, mafi yawa mai ne da gyaɗa da cakulan. Musulmi ya yi maganar abincinsa tun da wuri, don guzurin da ake shiryawa yakan ƙunshi naman alade. Kada kuma ya dogara da kilishin gida, domin Chile tana da tsauri ƙwarai kan shigo da nama da tsirrai.

Akwai batun salla inda rana take kewaya sama ba ta faɗuwa. Malaman zamani sun ce a ƙiyasta lokuta da wuri mafi kusa da yake da dare da rana, wasu sun ce da Makka, ga kuma rangwamen matafiyi na ƙasaru. Alwala a fili a irin wannan sanyi jefa kai ne cikin cuta, kuma littattafan Malikiyya, har da Muhtasar na Halil da ake karantawa a zaurukanmu, sun lissafa ƙanƙara cikin abubuwan da ake taimama da su. Mai tafiya ya zauna da malaminsa ya warware waɗannan tun yana gida.

Ƙuryar arewa wata duniya ce dabam. Can ba ƙasa a ƙarƙashi, teku ne da ya daskare, yana motsi yana tsagewa, ga wata farar dabba mai farauta da babu irinta a kudu. Sansanin Barneo da aka saba kafawa a kan ƙanƙarar kowane Afrilu ya yi shekaru a jere ba a buɗe shi ba tun daga 2019. Sabon shiga ya fi dacewa ya fara da 'yan kwanaki a Norwe ko tsibirin Svalbard, wanda ko da yake ba ya neman biza, ba a isa gare shi sai ta Norwe mai neman biza.

Kafin a biya ko sisi, a binciki kamfanin. Na kudu ya kasance cikin ƙungiyar IAATO da aka kafa a 1991, wadda take bin dokokin kare nahiyar. A gajeriyar hanyar nan har bayan-gida a leda ake ɗaure shi a fito da shi. A tambayi shekarun jagoran a wannan hanya da takardar shaidarsa, mutum nawa yake riƙewa, ko ya taɓa tafiya da wanda ya fito daga ƙasar zafi, da kuma wanda zai biya jirgin ceto idan sai an ɗauke ka. Inshorar tafiye-tafiye ta yau da kullum ba ta biyan wannan, sai an sayi ta musamman.